Yadda ake ratsa tsaunukan Peru da Bolibiya a motar haya, daga Lima zuwa Sucre

Ƙasar da Bakano yake takawa ba ta kai mita 500 sama da teku ba. Jos da ake yi wa kirari da sanyi kimanin mita 1,200 ce. Dutsen da ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne. To birnin Cusco na Peru yana zaune ne a mita 3,400, Potosí ta Bolibiya kuwa ta haura 4,000, kuma a can mutane suke cin kasuwa, suke haihuwa, yara suke buga ƙwallo. Duk wanda zai bi wannan hanya da kansa, ba tare da kamfanin yawon buɗe ido ya riƙe masa hannu ba, wannan lissafi ne zai tsara masa tafiya. Ba garin da ya fi kusa ake fara zuwa ba, garin da ya fi ƙasa ake fara zuwa. Ana hawa ne kamar matattakala, a ba jiki lokaci a kowane mataki. Hanyar da zan shimfiɗa maka tana cin mako uku zuwa huɗu, kuma bushewar hanya ta fi tabbata daga Mayu zuwa Satumba, sai dai a san cewa daren Yuni da Yuli a can ya fi hunturunmu cizo nesa ba kusa ba.

Mataki na 1: Fara da asibiti, kafin ofishin jakadanci

Ka san rukunin jininka na sikila. Wannan ita ce maganar da littattafan tafiye-tafiye na Turawa ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa tamu ce. Mai SS bai kamata ya hau waɗannan tsaunuka ba, domin ƙarancin iskar shaƙa yana tayar da ciwon. Mai AS, wanda ƙila bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa, shi ma yana iya samun toshewar jini a saifa idan ya yi sama sosai, alamarta kuma ciwo ne mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Idan kai AS ne, ka zauna da likita ka nuna masa tsayin garuruwan nan kafin ka biya ko sisi. Haka mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai asma da mace mai juna biyu.

A wannan zaman ne za ka tambaye shi game da acetazolamide, ƙwayar da ake fara sha kafin hawa domin rage ciwon tsauni. Ka kuma tabbatar katin rigakafin shawara yana hannunka, ka haɗa shi da fasfo wuri guda.

Mataki na 2: Biza da jirgi

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Peru da ta Bolibiya, kuma ka nemi duka biyun tun kana gida. Kada ka ce sai ka isa bakin iyaka ka san yadda za ka yi. Jami'in da ke wani ƙauye a gefen tafki ba shi da ikon taimakonka ko da ya so. Za a nemi tikitin dawowa, shaidar masauki, bayanan asusun banki da jadawalin tafiya. Ka buga kowanne a takarda, ka riƙe kwafi biyu.

Wurin zaɓen jirgi akwai tarko. Idan ka bi ta Madrid, Paris ko Amsterdam, mai fasfon Najeriya ko Gana yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai fa idan yana da wata takardar da ta ɗauke masa. Shi ya sa da yawa suke bi ta Addis Ababa ko Istanbul zuwa São Paulo ta Birazil, daga nan su kama na Lima. Ka sayi tikitin a haɗe, jaka ta wuce kai tsaye, kada ya zama sai ka fita karɓar kaya a ƙasar da ba ka da izinin shiga. Ka nemi tikitin da zai sauke ka a Lima ya ɗauke ka daga Santa Cruz ta Bolibiya, don kada ka sake maimaita hanya baya.

Mataki na 3: Kwana biyu a Lima, ka koyi yadda ake shiga mota

Lima a bakin teku take, numfashi lafiya lau. Ka yi amfani da kwana biyun nan ka warware gajiya, agogonsu yana bayan na Najeriya da awa 6. Ka sayi layin waya da fasfonka, ka canza kuɗi zuwa sol, kuɗin Peru. Dala sabuwa fil za ka riƙe, domin takardar da ta yage ko da kaɗan ne ba sa karɓa, kuma a duk lokacin da ka samu dama ka fasa manyan kuɗi, saboda mai shago a tsauni kullum ba shi da canji. Akwai masallaci a unguwar Magdalena del Mar. Idan ka dace da Juma'a ka je, don daga nan za ka daɗe ba ka ji kiran salla ba.

Manyan kamfanonin bas kamar Cruz del Sur, Oltursa da Civa suna sayar da tikiti a intanet, kuma a Lima galibi kowanne da tasharsa, don haka ka duba adireshin da ke kan tikiti da kyau. Kalmomi biyu za ka riƙe: *semicama*, kujerar da ke kwanciya rabi, da *cama*, wadda ke kwanciya sosai. Tafiyar dare, ka ƙara kuɗi ka sayi *cama* a hawan ƙasa na bas mai hawa biyu, ya fi rage jijjiga a kwanoni. Babbar jaka za a saka ta a ƙasan mota a ba ka 'yar takarda mai lamba, kada ka yar da ita. Fasfo, kuɗi da waya kuwa a jikinka za su kwana, ba a saman kai ba. A tashoshin larduna akwai ɗan kuɗin tasha da ake biya a wata taga daban kafin a bar ka ka shiga, a Peru ana ce masa *tasa de embarque*. Bayan gidan cikin mota na fitsari ne kawai, kuma babu inda za ka tarar da buta a ƙasashen nan biyu. Gorar ruwa mai ƙaramin baki ita ce butarka, kada ta rabu da jakar hannu.

Mataki na 4: Bi gaɓar teku zuwa Arequipa

Daga Lima zuwa Arequipa kai tsaye awa 16 ne ko fiye. Ni dai ban ga dalilin wannan azaba ba, a raba ta biyu. Awa 4 zuwa 5 za su kai ka Ica, inda akwai wani ɗan tafki mai suna Huacachina a tsakiyar tudun rairayi. Wanda ya san hanyar Agadas ba zai yi mamaki ba, ya kwana ɗaya ya wuce. A hanya za ka ratsa Chincha, cibiyar baƙaƙen fatar Peru, jikokin bayin da aka kai gonakin rake da auduga. Gaba da Ica akwai Nazca da zanen nan nata na dabbobi da tsuntsaye da aka shata a ƙasa tun kafin zamanin Inka, daular da ta mulki yankin kafin zuwan Sifaniyawa. Ba dole sai ka shiga ƙaramin jirgi ba, akwai hasumiya a bakin titi da ake hawa a hango wasu. Daga Nazca sai motar dare zuwa Arequipa.

Arequipa tana mita 2,335, ita ce matattakalarka ta farko. Ka yi kwana biyu ko uku. An gina tsakiyarta da wani farin dutse na aman wuta da suke kira *sillar*, dutsen Misti kuma yana tsaye a kanta. Ka shiga Santa Catalina, gidan mata masu bautar Kirista da aka kafa a 1579, gari ne guda cikin ganuwa mai lunguna ja da shuɗi. Masu sayar da yawo za su matsa maka da zuwa kwarin Colca kallon manyan ungulayen nan da ake kira kondo. Wurin yana da kyau, amma hanyar tana bi ta wata mashiga mai kusan mita 4,900, saboda haka kada ka je washegarin isowarka.

Nan ne wurin maganar ciwon tsauni, wanda suke kira *soroche*. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, da haki idan ka hau bene ɗaya. Maganinsa tafiya a hankali, shan ruwa da yawa, cin abinci kaɗan da dare, da kwana biyu a tsayi ɗaya kafin a ƙara. Ƙarfi ko ƙuruciya ba sa hana shi. Idan kuwa ka ga kana haki alhali kana zaune, ko tari mai kumfa, ko kana tangaɗi, ko maganarka ta fara rikicewa, to ba zancen haƙuri ba ne, a sauka ƙasa a nemi asibiti a daren. Kowane masauki zai miƙo maka shayin ganyen koka, ganyen da ake sarrafa hodar iblis daga gare shi. A can halal ne a doka, tsoho da yaro suna sha, sai dai mai aikin da ake yi wa gwajin ƙwaya ya sani yana iya fitowa a fitsari.

Mataki na 5: Cusco, amma kada ka kwana a cikinta tukuna

Motar dare daga Arequipa tana kai awa 10, kuma cikin dare za ta haura mita 4,000, don haka ka shiga da rigar sanyi, safa da hula. Da ka sauka da asuba, dabarar ita ce ka wuce titin Pavitos ka shiga *colectivo*, ƙaramar bas da ke tashi idan ta cika kamar dai tamu, zuwa Ollantaytambo. Ƙasa da awa biyu ne, kuma garin yana kimanin mita 2,800. Ka ga ka ƙara hawa kaɗan a kan Arequipa maimakon tsalle mai nisa. Lungunan garin da magudanan ruwansa tun na Inka ne, har yau mutane na zaune a ciki.

Daga nan ake zuwa Machu Picchu, tsohon birnin dutse na Inka da ke kan tsauni, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke yin kuskure. Tikitin shiga yana da rana, yana da awa, yana da hanyar zagaye da aka ƙayyade, an kuma ɗaure shi da lambar fasfonka. Ka saye shi a shafin ma'aikatar al'adu ta Peru makonni kafin ka taso, musamman idan tafiyarka ta faɗo Yuni zuwa Agusta, sannan ka gina sauran jadawalin a kansa. Hanyar isa biyu ce. Ta farko jirgin ƙasa na PeruRail ko Inca Rail daga Ollantaytambo zuwa Aguas Calientes, ƙasa da awa biyu, mai daɗi, mai tsada. Ta biyu ta talaka: ƙaramar bas ta bi ta Santa María da Santa Teresa zuwa wurin da ake kira Hidroeléctrica, kusan yini guda a kan hanya mai kwanoni da ramuka masu zurfi a gefe, sannan ka taka kimanin kilomita 10 a gefen layin dogo. Da rani ana iya yi. Da damina, daga Disamba zuwa Maris, ƙasa tana zaftarewa a kan hanyar, ban ba ka shawara ba. Ka kwana a Aguas Calientes, da safe ka hau bas ɗin da ke kaiwa ƙofa ko ka taka matattakala idan gwiwa da sauranta.

An gina wurin wajen 1450 a zamanin sarki Pachacuti, Sifaniyawa ba su taɓa isa gare shi ba, sai a 1911 Ba'amurke Hiram Bingham ya yayata shi bayan mazauna yankin sun kai shi. Tsayinsa mita 2,430, wato kusan kai ɗaya da Chappal Waddi, amma a wannan tafiya wurin hutawar huhu ne.

Yanzu ka koma Cusco ka ba ta kwana uku. Ka sayi *boleto turístico*, tikiti ɗaya mai kwana 10 da ke buɗe maka wurare 16, har da kangayen Inka na Sacsayhuamán da Pisac da Ollantaytambo. Ana samunsa a ƙofar wuraren ma, don haka tun a Ollantaytambo za ka iya saye. Abin da ya fi tsaya mini a rai a garin shi ne Qorikancha, babban ɗakin bautar rana na Inka, wanda Sifaniyawa suka ɗora cocin Santo Domingo a kansa bayan sun shiga garin a 1533. Girgizar ƙasar 1950 ta rusa sassan cocin, ginin Inka na ƙasa kuwa, duwatsun da aka sassaƙa aka jera babu laka babu siminti, ko gezau. Ka sa farce tsakanin dutse da dutse ka ji.

Mataki na 6: Ciki da salla

Abincin rana mafi araha shi ne *menú* a Peru, *almuerzo* a Bolibiya: romo, babban abinci da abin sha, farashi ɗaya. Alade yana ko'ina kuma sunayensa da yawa, sai ka haddace: *chancho*, *cerdo*, *chicharrón*, *jamón*, *tocino*, *lechón*, da *manteca*, wato kitsensa da ake suya da shi. *Adobo* na Arequipa ma alade ne. Ka ce *sin chancho, por favor*, wato ban da alade, don Allah. Naman yanka irin namu da wuya ka samu a wajen Lima, saboda haka kifi, ƙwai, cuku, masara da dankali su ne abokan tafiya. A bakin tafkin Titicaca kifin *trucha* soyayye ya wadatar. Abin dariya, abin da muke kira dankalin Turawa ba na Turawa ba ne, a tsaunukan nan aka fara nomansa, kuma za ka ga launuka da siffofin da ba ka taɓa gani ba. *Chicha morada* kunun baƙar masara ne mai sanyi, babu maye. *Chicha de jora* kuwa giya ce. Ruwan famfo kada ka sha.

A kasuwa, kamar ta San Pedro a Cusco, mai sayarwa za ta kira ka *casero*, wato abokin ciniki, kai kuma ka ce mata *casera* ko *señora*. Bayan ciniki ka ce *la yapa*, gyara ke nan, kuma suna bayarwa. Gaisuwa kafin tambaya wajibi ce kamar a gida: *buenos días*, wato ina kwana, sannan *¿cuánto cuesta?*, wato nawa ne? Za a kalle ka, yara ma su nuna ka, wani ya ce *moreno*, wato mai duhun fata. Galibi baƙunta ce. Su kuma matan karkara ba sa son a ɗauke su hoto ba izini.

Alƙibla tana gabas da ɗan karkata arewa. Ka sauke manhajar lokutan salla da taswirar da ke aiki ba intanet. Direba ba zai tsaya maka ba, don haka ka yi amfani da sauƙin matafiyi, kasaru da jam'i, ka yi alwala kafin shiga mota. Ruwan asuba a Puno kamar ƙanƙara yake.

Mataki na 7: Titicaca da ƙetare iyaka

Cusco zuwa Puno kimanin awa 7 ne. Wannan ka yi ta da rana, ta cancanci kallo: ana bi ta mashigar La Raya, sama da mita 4,300, garken alfaka, wata dabba mai gashi 'yar dangin raƙumi, ko'ina. Puno tana bakin tafkin Titicaca mai tsayin mita 3,812. Tsibiran Uros da ake saƙawa da ciyawar *totora* suna yawo a kan ruwa abin gani ne, ko da yake ziyarar ta zama kasuwa. Rabin yini ya isa.

Da safe ka shiga motar Copacabana ta Bolibiya, kimanin awa 3 zuwa 4. A Kasani, bayan garin Yunguyo, kowa zai sauka. Ka shiga ofishin shige da fice na Peru a yi maka rajistar fita, ka taka ƙafa ka wuce ƙarƙashin wata ƙofar dutse, ka shiga na Bolibiya a buga maka hatimin shiga. Kafin ka bar tagar, buɗe fasfo ka ga hatimin da kwanakin da aka ba ka. Mai fasfo irin namu yakan fi sauran fasinjoji daɗewa, don haka tun a Puno ka gaya wa yaron mota kada su tafi su bar ka, kuma ka kasance cikin na farkon layi. Ka canza ragowar sol zuwa boliviano a nan, ka tura agogo gaba da awa ɗaya.

Tsakanin Copacabana da La Paz akwai mashigin Tiquina. Za a sauke ku, a ɗora motar a kan wani faffaɗan jirgin katako, ku kuma ku biya kuɗi kaɗan ku shiga kwalekwale mai inji. Ka haddace launin motarka, ka riƙe fasfo a aljihu.

Mataki na 8: La Paz, gishiri, azurfa, sannan gangara

Za ka fara ratsa birnin El Alto a sama da mita 4,000, kwatsam ƙasa ta buɗe, ga La Paz a cikin kwari kamar an zuba ta a ƙwarya. Hanyar ganin garin mafi sauƙi ita ce Mi Teleférico, akwatunan da ke tafiya a kan igiya a sama, waɗanda aka buɗe a 2014, kuma su ne motar hayar talakan garin. Ka ware yini ɗaya ga Tiwanaku, kimanin kilomita 70, kangon daular da ta riga Inka da ɗaruruwan shekaru. Taksi kuwa masauki ya kira maka; idan wani mai farin kaya ya tare ka ya ce shi ɗan sanda ne, ka shiga mota a duba kuɗinka, kada ka shiga.

Kafin kowace doguwar tafiya a ƙasashen nan ka tambayi mai masauki: *¿hay bloqueo?* Toshe hanya da duwatsu shi ne yadda manoma da masu haƙar ma'adinai suke kai kukansu, kuma yana iya ɗaukar kwanaki. A Janairun 2023 har Machu Picchu aka rufe saboda zanga-zanga. Ka bar kwana biyu ko uku a jadawalinka babu komai a kansu, kuma kada ka kwana nesa da filin jirgi a daren tashinka.

Motar dare za ta kai ka Uyuni cikin awa 9 zuwa 10. Filin gishirinta ya haura murabba'in kilomita 10,000, kuma nan ne wuri ɗaya da ba a shiga sai da direban da ya san hanya. Ka zagaya ofisoshi uku ko huɗu, ka ga motar da idonka, ka tambayi mutum nawa za a ɗauka. Yawon yini ɗaya ya wadatar da mafi yawan mutane. Na kwana uku yana kaiwa kusan mita 5,000 da sanyin da ke daskarar da ruwa a gora. Baƙin tabarau dole ne, hasken gishirin yana ƙona ido.

Awa 4 daga nan sai Potosí. A 1545 aka gano azurfa a dutsen Cerro Rico, kuma ita ce ta riƙe daular Sifen shekaru aru-aru, da gumin 'yan ƙasar da aka tilasta wa aikin rami. Ka shiga Casa de la Moneda, gidan buga kuɗi, inda bayi daga Afirka ma suka yi aiki. Baƙaƙen fatar Bolibiya a yau galibi suna yankin Yungas mai ɗumi. Ana shiga da baƙi cikin ramukan da har yanzu ake haƙa, amma ƙura ce da zafi da ƙunci a tsayin da ya wuce mita 4,000. Mai matsalar ƙirji ya tsaya waje.

Daga Potosí awa 3 ne gangara zuwa Sucre, mita 2,800, farin gari inda aka sa hannu a takardar 'yancin Bolibiya ranar 6 ga Agusta 1825 a Casa de la Libertad. A nan za ka yi barcin da ka yi makonni ba ka yi ba. Ka kama ƙaramin jirgi zuwa Santa Cruz, ya fi motar dare. Daren da za ka ɗaure kaya, ka zazzage jakarka gaba ɗaya a kan gado, ka duba kowane aljihu: ganyen koka, shayinsa na cikin kwali, alewarsa, duk ka bar su a ɗakin, domin a filin jirgin São Paulo, Addis Ababa ko Kano sunansu ƙwaya.